Agogon Kwamfutar Asibiti

Karo na huɗu ke nan ɗiyata ta buga wata kalma, kwamfutar da take gyarawa ta ce mata babu aikin yi. Ina zaune kan benci a shagonta na Yelwa ina ɓarar gyaɗa. Kwamfutar ta wani ƙaramin asibiti ce a tsallaken ruwa, ta ƙi gane ɗan abin da ake soka mata don ta kama sabis. Ɗiyata ta yi alkawarin mayar da ita a ranar, jirgin ruwa kuwa da an yi azahar yake tashi. In ya tafi sai wani mako, kuma mutanen asibitin sun ce wani za su ba aikin.

Na ce, "Ke, mi kike ta bugawa?"

Ta ce, "Inna, wani ɗan guntu nake haɗawa da za a cusa can cikinta, shi zai sa ta gane abin. Akwai mai haɗawa a cikin kwamfutar, mek sunansa, shi nake ta bugawa. Na gyara rubutun, shi kuma ya ce bai ga sabo ba."

"Da mi yake gane sabo?"

"Da lokaci. In gyaran ya zo bayan haɗin farko, sai ya sake haɗawa."

Ni sai da na aurar da ɗiya uku na shiga ajin yaƙi da jahilci. Tun daga nan ba na barin rubutu ya wuce ni, ko na buhun taki ne. Turancin tsakiyar allon kwamfutar ya fi ƙarfina, sai na koma kan lambobin da ke kusurwa.

Na ce, "Abin naki cewa yake yau ɗaya ga watan ɗaya. Shekarar ma babanki na da rai."

Ta ce in bar ta ta yi tunani. Na ce ta yi, amma ni ban taɓa ganin damina a watan ɗaya ba.

Sai ta duba. Ashe batirin agogon kwamfutar ne ya mutu. Da aka ɗauke wuta da safe agogon ya koma baya, duk gyaran da ta yi bayan nan tsoho mek yake ganinsa. Ta saita kwanan wata, ta sake taɓa rubutun, ta buga kalmar. Layuka suka yi ta gudu. Ta ƙara buga wani abu, 'yar fitilar abin sabis ta kama.

Ana kiran salla ta naɗe kwamfutar a zani, ta miƙo mini makullin shago, ta tare ɗan kabu-kabu. Da la'asar mai mashin ya biyo ya ce ta samu jirgin, kan buhunan albasa ta zauna.