Kawu Manu da Aljanun Waya

Duk wanda ya san Kawu Manu, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya amsa sallama sai ya leƙa waya. Ka gaishe shi, ya ɗaga hannu: "Dakata, kasuwa na numfashi!"

Ɗan canji ne a bakin iyaka, naira da sefa, har ranar da ya ga tallan wani malami mai koyar da cinikin kuɗi da zinari ta waya. Ya shiga aji, ya haddace jan layi da koren layi na hawa da saukar farashi, aka ba shi takardar shaida, ya rataye ta a shago sama da hoton aurensa.

Ranar farko, kafin ya danna, farashi ya gudu. Ya sake, ya sake gudu. Ya kira malam a fusace. Malam ya ce ai manyan kamfanoni injuna gare su kamar aljanu, masu saye da sayarwa kafin mutum ya ƙifta ido.

"To mi ya hana ka hwaɗi tun hwarko?"

"Alhaji, wannan yana aji na biyu."

Wallahi sai da ya shiga aji na biyun!

Daga nan ya ce laifin yatsansa ne. Ya yanke farce, ya riƙa shafa wa babban yatsa man shanu. Da abin ya ƙi, ya ce sabis ɗin wayar garinsu Bagudo ne malalaci, na ƙasar Benin ya fi sauri. Ya hau babur har iyaka, ya haye kan suri, waya a sama. Jami'ai suka zagaye shi, sun ɗauka 'yan fasa-ƙwauri yake wa ishara.

"Baba, me kake jira a nan?"

"Zinari nika jira ya hwaɗo."

Kai! Dukansu suka ɗaga kai sama.

Ƙarshe ya sayar da bijimin nomansa, ya sayi nasa injin wurin malam, aka sa masa a waya, ya zuba sauran kuɗin a ciki. Matarsa, Inna Hassi, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ya ce, "Ke dai bari, na ɗauki aljani aiki." Ya tafi sallar Juma'a a Kende. Kafin ya dawo, aljani ya cinye bijimi har ƙaho. Ya kalli wayar, ya ce, "Hassi, ashe ɗan uwan aljanun kamfanoni ne."

Daminar nan da fartanya ya yi noma, yana yi yana dariyar kansa. Ya koma canjinsa. In samari suka zo neman shawara, sai ya ce, "Ku yi karatun, yana da amfani. Da can ana ci na ban san dalili ba, yanzu ana ci na ina bayani."

Rannan, bayan rasuwarsa, na wuce ta shagon, na tarar da shi a rufe, na tsaya kamar zan yi sallama. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya ba Inna Hassi haƙuri. Amin.