Shafin Godiya

Asabar ɗin farko ta hutun damina, ina aji huɗu a firamare, Inna ta ɗora min kwanon ɗanwake ta ce in kai wa Yaya Rabi shago. An yi ruwa da safe, lungunan Gyadi-Gyadi duk sun caɓe, na isa da silifas ɗina a hannu. Shagon ɗan kwantena ne mai kwamfuta ɗaya da janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. A nan yayata take buga wa ɗaliban asibitin koyarwa kundin bincikensu na gama karatu. Na tarar da ita ta sa hanci a allon, ɗanwaken ya huce bai ga hannunta ba.

Shafin godiya take bugawa. Mai kundin ya gode wa malamansa, da iyayensa, da budurwarsa, har da abokin da ya ara masa babur. Yaya ta bi layukan da yatsa har ƙasa, ta yi 'yar dariya ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ita ta gyara masa Turancin, ita ta karanto rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Ni dai wasan 'yar carafke ne a raina, amma na ji haushi, kuma haushin nan ne ya kai ni jami'a.

Yau ni ce malamar da ke bin matasan Tarauni da Hotoro da 'yar na'urar naɗar murya, masu wuni suna tantance hotuna a waya don kamfanonin da ba su san da zamansu ba. Ƙa'idar bincike ta ce a sakaya sunayensu, ni ma sai in sakaya. Na rubuta, na je taruka, an tafa, ba abin da ya motsa. Wallahi na gaji.

Da littafina ya fito, na sa sunan Yaya a layin farko na shafin godiya, na kai mata gidanta a Babban Giji da ɗokina. Ta kai shi kusa da fuska, ta nesanta, ta sake matso da shi. Allon nan ya riga ya cinye mata ido.

"Karanta min, Auta," ta ce.

Na karanta, ta ce in maimaita. A kwantenar nan idonta garau yake, sunan ne babu.