Ranar da Surukina Ya Gyara Min Rawa

Ko za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulu, ba zan manta da ranar da na kai babur ɗina gyara a Daura ba, shekarun baya. Ina zaune a shagon wani Ibo mai sayar da kayan babur, sai ya kunna wata waƙa ta mutanen Jamaika, rege da aka cakuɗa da kiɗan rawa mai zafi. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma akwai wani gurnani a ƙasan kiɗan da ke shiga ta tafin ƙafa ya fita ta ƙeya.

Na tambaye shi abin da mawaƙin ke faɗa. Ya ce shi ma shekara biyu yana jinta bai sani ba. Abin ya tsaya min a rai: me ke jan mutum a waƙar da bai san ma'anarta ba? Sai na miƙe don in bincika. Wallahi bincike ya tashe ni. Kafaɗa ta fara, ƙugu ya karɓa, tumbina kuwa ya buɗe nasa taron.

Ina juyowa sai ga surukina tsaye da sandarsa. Shekara goma sha bakwai ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ga shi yau ya same ni ina karkaɗa kamar rariya. Na zube ina gaisuwa, na riga na ga mutuncina ya bi kwata.

Ya zauna a benci, ya ce da mai shago a maido da waƙar daga farko. Kaina a ƙasa, sai na hangi babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi.

"Mai gangar nan ya taɓa noma," in ji shi. "Ka ji inda yake jinkirtawa? Nan ake ɗaga garma. Haka ake mana kiɗa a gayya."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Amma kai ƙugunka yana riga ganga. Ka gyara."

Ya tashi ya tafi, bai ƙara tada zancen ba har yau.

Tun ranar na gane kiɗa ba ya neman izinin harshe ko na furfura. Na kuma koyi cewa kafin in fara bincike, in duba bayana.