Takardar Shaida Marar Suna

Tsufa ya zubar mini da abubuwa da yawa daga kai, amma akwai wata safiyar Alhamis da ba za ta fita daga zuciyata ba har in koma ga Ubangijina.

A lokacin mulkin Nasara bai tsufa ba a ƙasarmu. Labari ya iso Sakkwato cewa an buɗe wata makaranta a Kano don zurfafa ilimin shari'a, an kawo shehunnai daga Sudan, kuma ba a ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya sauke manyan littattafan fiƙihu. Wanda ya gama zai iya zama muhuti ko alƙali. Ni kuwa na sauke, har ina da mata da ɗiya guda, amma raina ya kwanta a kan ƙarin karatun nan. Sharaɗi biyu aka gindaya: a gwada mutum da baki, sannan ya kawo takardar shaida daga malamin da ya karantar da shi. Gwajin baki Allah ya ba ni sa'a. Saura takarda.

To, malamina shi ne mahaifina, ni kuma ɗan farinsa ne. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. A gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya ko kallonsa ido cikin ido. Kakata ce ta raine ni a Ƙofar Kware, sai da na yi wayo aka mayar da ni zaurensa a Ƙofar Marke don karatu. Shekara goma sha ina zaune gabansa, iyakar kiran da nake samu shi ne "kai", ko ya ce da almajirai, "Ku kira wancan." Ni ma Malam nake ce masa kamar kowa.

Ta bakin wani abokinsa na aika roƙon takardar. Bayan kwana biyu na tarar da ita a naɗe a kan buzuna. Ban buɗe ba, na kai ta ofishin ilimi na lardi.

Akawun ofishin wani Bakano ne mai yawan raha. Ya warware takardar, ya bi ta da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi, sai ya tuntsire da dariya.

"Malam Basakkwace, wannan shaidar ta wa ce ce?"

Na ce, "Tawa ce mana."

"Ina aka ce taka ce? 'Mai ɗauke da wannan takarda.' Ai ko raƙumi ne ya shigo da ita, tasa ce."

Na sunkuyar da kai na ce, "Mahaihina ne ya rubuta. Ni ne babba."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Na gane, wallahi na gane, mu ma haka muke. Amma Baturen ilimi ba zai gane ba. Ba suna, ba shaida. Motar wasiƙu ranar Alhamis da hantsi za ta tashi, kuma wanda takardarsa ba ta ciki, an ba wani gurbinsa."

Ranar Litinin ce. Na fito da takardar a aljihu, na rasa inda zan sa kaina. In tsaya gaban Malam in ce ya rubuta sunana? Ina ganin gara ƙasa ta tsage in shige. Sai Shaiɗan ya kawo mini wata shawara mai sauƙi. A hannun Malam na koyi rubutu, har almajirai ba su iya bambanta nawa da nasa. Alƙalami ɗaya, tawada ɗaya, kalma uku kawai, in saka sunana da hannuna. Wa zai sani?

Allah ya taimake ni ƙafata ta kai ni Ƙofar Kware kafin ta kai ni gida. Na tarar da kakata tana kaɗi a inuwa.

"A'a, mai gidana, yau ka tuna da tsohuwar matarka? Mi ya same ka kaka tahiya kamar an zare maka laka?"

Na zauna na faɗa mata komai, har da abin da nake shirin yi. Ta ajiye mazari ta dube ni.

"Kai za ka karatun alƙalanci, kuma da shaidar zur za ka buɗe ƙohwa? Gobe in an kawo maka mai irin wanga aiki, da wane baki za ka yi mai hukunci? Ba ni takardar."

Abin dariyar shi ne Malam ma ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba ta magana da shi kai tsaye. Washegari ta ja sandarta har Ƙofar Marke, ta tsaya a bakin zaure ana tsakar karatu, ta juya fuskarta ga bango, ta ɗaga murya.

"A hwaɗa ma mai zauren ga, Nasara ba su san kunya ba, takarda suka sani. In yaron ga ya rasa karatu, ba Nasara za a tambaya ba ranar gobe."

Ta miƙa wa wani almajiri takardar, ta juya. Malam bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da fassara inda ya tsaya. Talata ta wuce. Laraba ta wuce, bai ce komai ba. Na sallama, na ce ba rabona.

Ranar Alhamis da muka fito daga sallar asuba, sai na ga ya shiga gida ya fito da rawanin da yake sa wa Juma'a. Ya ce, yana kallon wani wuri, "Kai, ɗauko tawada da alƙalami." Ya shiga gaba, ina biye. Mutumin da tun zuwan Nasara bai taɓa taka ofishinsu ba, yau shi ne ke tafiya can da ƙafarsa.

Akawu ya gan shi ya miƙe, ya kawo kujera. Malam ya ƙi, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa, ya ɗora takardar a gwiwa. Na durƙusa na riƙe masa tawada. Ya tsoma alƙalami. Ya rubuta sunana cikakke, ya busa, ya miƙa.

Baturen ilimi ya fito, ya ce a karanta a fassara masa. A nan na fara jin abin da ke ciki. Akawu yana karantawa: cewa a cikin duk waɗanda ya karantar bai ga mai riƙon mas'alar gado kamar wannan ba, cewa bai taɓa kama shi da ƙarya ba, cewa ya amince a ba shi hukuncin mutane. Bai taɓa kama shi da ƙarya ba! Na tuna abin da na so in yi ranar Litinin, zufa ta karyo mini.

Bature ya yi tambaya, akawu ya juya: "Gafarta Malam, yana so ka tabbatar da bakinka. Wannan da ke durƙushe shi ne mai sunan?"

Malam ya ajiye alƙalami. Sannan ya ce a hankali, "Shi ne. Ɗana ne."

Ya naɗe buzunsa ya fita. Takardar ta shiga jaka, mota ta tashi da ita. Kafin a gama girbi amsa ta zo, an ɗauke ni.

Malam bai sake kama sunana ba har ya bar duniya, ni kuma ban sake jin zafin haka ba. Abin da na koya ya bi ni har kujerar shari'a: shirun mutum ba shi ne abin da ke zuciyarsa ba, kuma duk ƙuncin da ka shiga, kada ka cike gurbi da ƙarya. Ka nemi mai isa ya yi magana, ka jira. Allah ya jiƙan Malam da tsohuwa, ya sa mu cika da imani.