Koriyar Lamba a Ƙarƙashin Sirdin Baba

Ranar Asabar ta farko bayan an gama ɗaurin gero, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, na fito da buta a hannu na tarar da Baba tsugune gaban kekensa a tsakar gidanmu da ke Horo Birni. Rana ta riga ta fito, Inna tana surfe, awaki suna ta kuka a kwance su, shi kuwa sai lalube yake yi da yatsu a ƙarƙashin sirdi kamar mai neman ashana a ɗaki mai duhu. Abin da yake nema yana gaban hancinsa, 'yar koriyar lamba ce ta gwangwani da aka ɗaure da waya. Sai da ya taɓa ta, ya shafa ta, sannan ya miƙe. A ranar na tabbata yanar ido ta rufe wa mahaifina gani, na kuma ji tsoron da ban taɓa jin irinsa ba.

Lamba biyu ce a jikin keken nan. Ɗaya lasin ƙaramar hukuma ne da ake maƙalawa a tayar gaba, ana sake shi duk shekara don kada a tare mutum a bakin kasuwa. Wannan bai dami Baba ba, don kowa ma yana samu. Koriyar kuwa ta ƙungiyar masu keke ce ta yankinmu, kuma ba a sayar da ita. Malam Bawa mai faci, wanda ake wa laƙabi da Sarkin Keke, shi yake yanka ta daga gwangwanin madara ya shafa mata fenti. Mai lambar nan, in kekensa ya lalace a hanya, ɗan ƙungiya ba ya wuce shi. In ya kwanta ciwo, su suke kai masa albasarsa kasuwa, ranar suna kuwa su zo a jere suna kaɗa ƙararrawa har unguwa ta ɗauka. Sharaɗin ɗaya ne: duk kaka a tuƙa daga Shagari zuwa Boɗinga, samari suna tsere a gaba, manya suna biye a hankali. Wanda ya kasa kaiwa sai ya mayar da lamba.

Baba yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma an ce a ƙuruciyarsa ƙurarsa kawai ake hange. Ni dai wankin keken nawa ne, da ɗiga wa sarƙa baƙin mai da gashin kaza, bayan na dawo daga yi wa tumaki ciyawa. In ya tafi masallaci sai in sace shi in zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, in yi ta karkace har bakin rijiya. A filin makaranta abokaina suna gare da tsohuwar taya, ni ina cika musu baki cewa ubana ɗan ƙungiya ne, kamar ni aka ɗaura wa lambar.

Asabar ɗin nan ce ranar tafiyar, kuma Inna ta san abin da na sani. Ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, ka dangana bana." Bai ɗago ba ya ce, "In na zamna gida, Bawa shi aiko a amshi lamba ke nan. Gara in tai da ƙahwata." Al'ada ce kowane dattijo ya ɗora yaro a kariya, wato mazaunin baya, ya riƙe masa famfo da gorar ruwa, don haka na hau bayansa. Tun daga ƙofar gida nake raɗa masa, ga rami, ga yashi, koma dama, shi kuma yana bi. A haka muka kai Shagari, ya gaisa da mutane yana gane su da murya, aka yi addu'a, aka hau kwalta.

Ba mu yi nisa ba wani jaki ɗauke da kara ya ratso hanya. Na ce birki, amma kafin Baba ya matse mun riga mun shiga cikin karan, muka zube a gefen titi. Gwiwata ta kurje, ban ma ji zafin ba, don shi nake kallo. Ya zauna cikin ƙasa, hularsa can gefe, manyan ƙungiya suka kewaye mu suna sannu. Sai ya jawo keken, ya lalubi wayar ya kwance lambar da hannunsa, ya miƙa ta yana cewa, "Amshi, Bawa." Inda ya miƙa hannun babu kowa, Malam Bawa yana tsaye ne ta ɗaya gefen. Na ga Malam Bawa ya zagayo a hankali ba tare da takalminsa ya yi motsi ba, ya tsaya daidai inda hannun yake, sannan ya karɓa.

Ya daɗe yana juya ta a tafinsa. Daga nan ya tsuguna ya mayar da ita inda take, ya murɗa wayar sosai, ya ciro sifana ya sauke sirdin har ƙasa. Ya ce, "Mu munka yi dokar ga, Audu, kuma don kada a bar kowa baya munka yi ta. Hau kariya, yaron ga shi tuƙa." Baba bai yi gardama ba, hawaye ne kawai suka gangaro cikin gemunsa. Aka aika a kirawo samarin da suka yi gaba, suka juyo babu mai gunaguni. Shekarar ba a yi tsere ba. Ƙungiya kaf ta bi saurin yaron da ƙafarsa da ƙyar take kai feda, ƙararrawa tana tashi dama da hagu, hannun Baba biyu suna riƙe da ƙuguna har muka shiga Boɗinga da azahar. Haka muka yi ta yi duk kaka har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina koyarwa a Boɗinga. 'Yan kabu-kabu sun cika hanyar, ƙungiyar ta watse tun rasuwar Malam Bawa. Ɗana Nasiru ya shiga wata ƙungiyar tseren keke a Sakkwato, inda sai da likita ya duba shi har da gwajin ido kafin a ba shi kati mai hoto, ga hular kwano dole. Na yarda tsarin yana da kyau, ni ma na fi samun kwanciyar hankali da shi. Sai dai ranar da ya nuna mini katin na tuna cewa da kakansa ne, tun a bakin ƙofa za a sallame shi cikin ladabi. Koriyar lambar tana rataye a ɗakina, fentin ya kusa ƙarewa. Har yau in na hau keke, ina jin hannun nan biyu a ƙuguna.