Gudun da Ya Watsa Ƙauyenmu

Likita ne ya fara jawo mini. Na je asibiti a Kafanchan da ciwon kai, ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce in ban fara motsa jiki ba wata rana a gaban allo za a kwashe ni. Malamin sakandare ne ni, na haura arba'in. Na ba wani tsohon abokin karatuna na kwalejin ilimi ta Gidan Waya labari, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya jefa ni cikin wani guruf na masu gudu a waya. Yawancinsu ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Wasu suna Abuja, wasu Legas, wata ma a ƙasar waje take gudunta cikin ƙanƙara. Dokar ɗaya ce: kullum ka yi gudu, ka turo hoton taswirar da wayarka ta zana na hanyar da ka bi, har kwana ɗari. Wanda ya tsallake rana ɗaya ya koma farko.

Da farko a ɓoye nake yi, ina bin gefen layin dogo kafin gari ya cika, 'yan acaba suna danna mini hon suna cewa, "Tica, mu kai ka ne?" Amma yabon 'yan guruf ya shiga kaina. Shekara ashirin ina koyarwa ba wanda ya taɓa tafa mini, sai ga baƙi suna kirana zaki don na yi kilomita huɗu ina haki. Na sayi takalmi, na sayi baƙar riga mai hula, na sayi abin toshe kunne na jin waƙa. Matata ta ce ko sujadar Lahadi ban taɓa riƙewa haka ba, kuma gaskiyarta ne.

A kwana na sittin da uku ina ƙauyenmu, can bayan Manchok, na je taya Mama haƙar citta. Dole in faɗi wani abu a nan, don kada a yi mini uzurin da ban cancanta ba. Ƙauyenmu ya taɓa watsewa saboda mahara, ba sau ɗaya ba. Kowa ya san hanyar hawa dutsen da ke bayan majami'a, har yara. Ni kaina na taɓa yin kwana biyu a kansa tare da Mama. A garinmu babba ba ya gudu haka kawai, in ka ga yana gudu ba ka tsayawa tambaya. Na san wannan sarai, a can aka haife ni.

Gari ya waye da sanyi. Mama tana hura wuta ta gan ni ina ɗaura takalmi, ta tambaye ni ina zuwa. Na ce gudun nan ne na waya, yanzu zan dawo. Ta dube ni daga hula har ƙafa, ta ci gaba da hura wutarta. Na ja hular rigar ta rufe mini kai, na toshe kunnuwa da waƙar mawaƙan coci, na bi ta gonaki. Na zaga ta wajen rugar Fulanin da ke bayan rafi, waɗanda matansu ke kawo wa Mama nono, sannan na miƙo gida. Ƙarshen gudu shi ne inda nake zuba ƙarfi don lissafin wayar ya yi kyau. Haka na keto rafin a guje, na ratsa ta tsakiyar mata masu ɗiban ruwa, sa'o'in iyayena da ƙannen iyayena, ko gaisuwa ban yi ba. Na ga kwano ya faɗi daga kan wata, na ɗauka santsi ne.

Sai da na kai filin firamare a ɗaya gefen gari na tsaya na cire abin kunne. Ana buga ƙarfen majami'a ba ƙaƙƙautawa, mata suna kururuwa, mutane suna kwarara ta bayan gidaje zuwa dutse. Na ruga gidanmu, na tarar da wuta tana ci, tukunya a kai, ba Mama. Na bi sahun jama'a na hau dutsen ina kiran sunan Yesu, ina waiwaye ko mahara za su cim mana. Har lokacin ban gane komai ba, wauta ta kai wauta.

A sama na samu Mama zaune a kan wani falalen dutse, maƙwabta ne suka ɗauko ta saboda ciwon gwiwarta. Ƙanin babana yana gefe, ƙafarsa tana jini, ya faɗi a hanya. Wata mai tsohon ciki tana kwance ana yi mata fifita. Wata tana zagaya mutane tana kiran ɗanta, muryarta ta riga ta dushe. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya tambaya wa ya ga wani abu da idonsa.

Matar da kwanonta ya faɗi ta matso. Ba 'yar yarenmu ba ce, aure ya kawo ta, sai ta yi magana da Hausa.

"Baba, ni na gan shi. Wani ƙato, ya sa baƙin kaya, ya rufe kai duka. Ya fito daga side na ruga da gudu kaman ana bin shi. Ko magana bai yi ba sef."

A nan na gane. Kuma ga abin da na yi, ni malamin makaranta, wanda ake ba karatun Littafi a majami'a duk Kirsimeti: na ja da baya a hankali, na tuɓe rigar, na ninke ta, na zauna a kanta.

Matasa suka fara taruwa gefe ɗaya da sanduna da adduna, biyu da bindigogin farauta. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne aka turo, wani ya ce a je rugar yanzu a tambaye su tun ba su shirya ba. Ba wanda ke kan dutsen nan da bai san abin da ke biyo bayan irin wannan tambayar ba. Mai unguwa ya sake cewa ko akwai wanda ya ga fuskar mutumin. Ya maimaita. Ni ina zaune ina gaya wa kaina bari hayaniya ta lafa tukuna, bari in samu mai unguwa shi kaɗai. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron duka, ina tsoron dariya, kuma dariyar ta fi ba ni tsoro.

Mama tana kallona. Ba harara ba ce, jira take yi. Na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar takalmi. Matasan suka fara gangarawa, na ji duwatsu suna zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, ban motsa ba.

Sai Mama ta dafa kafaɗar wata ta miƙe a kan gwiwar nan tata. Ta ɗaga murya cikin yarenmu, yadda take kiran mu daga gona muna yara.

"Ku dawo! Ba wanda ya zo. Ɗana ne. Ku ce masa ya tashi daga kan rigar."

Na tashi. Rigar tana nan a ninke kowa yana gani. Aka tura wani mai saurin ƙafa ya bi matasan, ya tarar da na gaba sun kusa rafi, ya dawo da su. Yaron da ake nema aka same shi a ƙarƙashin rumbu. Guruf ɗin kuwa a ranar na fita ba sallama, wannan shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ya faru.

Ba wanda ya taɓa ni, ba kuma wanda ya yi dariya. Mutane suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, suna wuce ni kamar kututture. Ƙanin babana ya wuce yana ɗingishi bai dube ni ba. Mai unguwa ne kaɗai ya tsaya a gabana, tsohon da ya riƙe ni ranar baftisma. Bai ɗaga murya ba.

"Tica, gudu ba laifi ba ne. Amma ka faɗa mini. Da Mama ba ta yi magana ba, yaushe za ka faɗa?"

Na buɗe baki in ce ai dab nake da faɗa. Mama tana tsaye a bayansa tana jin mu, sai na kasa. Na sha yi wa kaina wannan tambayar tun daga ranar, kuma har yau ban iya rantsewa cewa da na miƙe kafin su ƙetare rafin ba.