Kwamanda Ta Ƙi Shan Mai

Kawu Tsumma ya shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran manyan motoci, kuma ba a taɓa ganin kafaɗarsa babu tsumma ba, ko ranar da ya je cire haƙori. Can sunan ya samo asali. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan masu sayar da katako, rami ɗaya, benci mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗun. Ba ya son surutu. In ka kawo mota ka fara dogon bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tayar da ita. Ta fi ka sanin ciwonta."

Motar da ta fi daɗewa a hannunsa ita ce Kwamanda, tsohuwar motar soja mai taya shida, wadda mijin ƙanwarsa ya saya a gwanjo tun Kawu yana da gashi a ka. Mijin ya rasu, motar ta zama ta ƙanwar. Ɗanta Dogo, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi yake tuƙa ta yana kwaso yashi daga rafi. Ba ta gudu, ƙofar fasinja ma da igiya ake ɗaure ta. Amma inda sababbin tipa suke kafewa, ita wucewa take yi ko waiwaye babu.

Bana sai ta ɗauko sabon hali. Za ta yi tafiyar minti ashirin lafiya lau, sai ta fara tari, ta yi sanyi, ta mutu. Dogo ya sauka, ya buɗe tanki ya zura sanda, don ma'aunin mai ya daɗe da mutuwa. Ya ga dizal har wuya, ya rufe, ya danna famfon hannu, ta tashi. Bayan minti ashirin kuma a koma gidan jiya.

Ranar Lahadi ƙanwar ta zo garejin da kanta, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, na gaji. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ranar Asabar da wutar yankansa. In ba ta gyaru ba, ya yanka ta."

"Ni ma tsoho ne," in ji Kawu. "Haɗa ni da ita a ɗora a sikeli."

"Kai ba ka da nauyi, ba za su saya ba. Asabar na ce."

Da ta tafi ya tsaya yana kallon motar. Babu notin jikinta da bai taɓa kwancewa ba. Ya san irin yankan da ake yi, daga kai ake farawa, kafin azahar sai tulin ƙarfe. Ya ɗauko sifana.

Litinin ya canza filta, ya fitar da iska daga bututu. Talata ya kwance ƙaramin famfon da ke jawo mai, ya sa masa sabuwar roba. Laraba shi da Dogo suka sauke tanki suka wanke, suka tarar da tsatsa cikin kwano guda, da maɓalli, da wani cokalin shayi da babu wanda ya yarda nasa ne. Bututan kuwa da baki Kawu ya hura su ɗaya bayan ɗaya, har matarsa ta ware masa kofinsa daban, ta ce ba za ta sha ruwa mai warin tasha ba.

Maƙwabta ba su bar shi ba. Mai faci ya ce nozul ne mai fesa wa inji mai, a rubuta a ajiye. Mai walda ya ce motar da ta ga yaƙi ba a rasa ta da mutanen ɓoye.

"In aljanu ne, me ya sa suke duba agogo?" in ji Kawu. "Kullum minti ashirin."

Alhamis ya ɗaure jarkar dizal a saman kan motar, ya jawo tiyo kai tsaye zuwa famfo. Dogo ya je rafi ya dawo da yashi, ko tari ɗaya ba ta yi ba. To, inji lafiyarsa ƙalau. Aka mayar da ita kan tankinta wankakke da sabon bututu, aka zagaya da ita minti ashirin, ta zo ta mutu a gaban masu katako. Kawu ya zauna a bencinsa har shayinsa ya huce.

Juma'a da safe ya yi abin da bai saba ba, ya kwance igiyar ƙofa ya shiga kusa da direba. Suna hawan tudun da ke kafin rafi ta fara tarinta, ta tsaya. Dogo ya dira da sandarsa, Kawu ya biyo shi yana ɗingishi. Dogo ya murɗa murfin tanki, sai ga wata ƙara, tsuuu, kamar mai zuƙar ruwan zafi.

"Tsaya! Mene ne wannan?"

"Ai kullum haka take yi in na buɗe."

"Kullum? Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Sau biyu na fara, Kawu. Ka ce in rufe baki, ta fi ni sanin ciwonta."

Kawu ya karɓi murfin yana jujjuya shi a rana. A samansa akwai wata 'yar huda kamar ta allura, ta nan tanki yake shan iska yayin da mai yake raguwa. In ta toshe, famfo zai yi ta ja har ya gaza, kamar mai tsotsar kwalba bai bar wa iska hanya ba. Duk buɗewar da Dogo yake yi don zura sanda, numfashi yake ba ta bai sani ba. Yanzu hudar ta shafe sumul, koren fenti ya cike ta.

Dogo ya leƙo. "Wa ya yi mata fenti ma? Ba kai ba ne, wata uku da suka wuce? Har shafi uku, ka ce soja ba ya yawo da tsatsa."

"Ba ni waya."

"Ai tambaya na yi, Kawu."

"Waya na ce, ɗan nema!"

Ya tsokale hudar da siririyar waya, busasshen fenti ya faɗo, bai kai ƙwayar gero ba. Ranar sawu biyar suka yi, Dogo yana ta dariya shi kaɗai a bakin sitiyari.

Asabar ƙanwar ta iso tare da mai sayen ƙarafa da tukunyar gas ɗinsa. Suka tarar da Kwamanda tana rugugi, maƙare da yashi.

"Me ya same ta?" ta tambaya.

Dogo ya kalli sama. Kawu ya share hannu ya ce, "Ni ne. Fentina ya toshe mata hanci."

"Wato sati guda kana neman ɓarawo, ashe yana cikin rigarka."

"Na ji. Ki sallami bawan Allah, rana tana yi."

Ta zagaya motar sau ɗaya, ta buga taya da ƙafa. "Na ƙara mata damina ɗaya. Amma in na sake ganin ka da gwangwanin fenti, Yaya, sai na kira shi."

Mai sayen ƙarafa ya ɗora tukunyarsa a amalanke yana gunaguni. Dogo ya sa giya, Kawu ya tsaya a bakin titi yana tsayar masa da motoci har ta fita.